Rawaya: Raya Furen Daji Daga Iri

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya saukar da ruwa bisa gwargwado, ya ɓoye rai a cikin busasshiyar ƙwaya har zuwa ranar da ya ƙaddara mata farkawa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni na ƙasar Daura, da shehunnan malamai, da malaman makarantu da na gandun daji, da 'ya'yanmu ɗalibai maza da mata.

An saba, duk sa'ad da aka tara jama'a a ƙasar nan domin zancen daji da kwararowar hamada, a kan manyan itatuwa ake tsayawa, a ambaci gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, a yi juyayin waɗanda gatari ya cinye, a raba dashen bedi da turare, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Kuma wannan ba abin zargi ba ne, domin itace ke tare iska, shi ke riƙe rairayi, shi ke ba makiyayi inuwa. Amma daji ba itatuwa kaɗai ba ne. A ƙarƙashinsu akwai wata al'umma ta ƙananan tsirrai masu dogon kwana, waɗanda ke bushewa ta sama kowace shekara su ajiye ransu a cikin saiwa, kuma galibi su ne ke fara ɓacewa tun itace bai faɗi ba, ba tare da an rubuta sunansu a wata takardar hukuma ba. A kan ɗaya daga cikinsu nake roƙon ku ara mini hankalinku a wannan zama, ita ce rawaya, da kuma hanyar da za a bi a raya ta daga iri.

Wanda ya taɓa ratsa dajin ƙasar Hausa cikin rani, bayan wuta ta bi ta cikinsa, la'alla ya gan ta ko da bai san sunanta ba. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin, toka na tashi a ƙarƙashin sawu, babu ɗanyen haki ko ƙwaya ɗaya, sai ga fure zaune dab da ƙasa, ba ganye tare da shi, faɗinsa ya kusa cika tafin hannu, da kunnuwa biyar masu launin zinariya, a tsakiyarsu kuma siraran zaruruwa sun yi cunkus. Wani sa'in ɗaya ne tilo, wani sa'in uku ko huɗu ne a gindi guda. In furen ya kaɗe sai kwanso ya biyo baya, wanda ke nuna a cikin kimanin wata guda, ya tsage gida uku zuwa biyar, ya fitar da farar auduga mai laushi, a cikinta kuwa ga ƙwayoyin iri, ƙanana, lanƙwasassu, masu duhun launi da taurin ɓawo. Ganye ba ya zuwa sai ruwa ya sauka. A lokacin ne take fitar da rassa waɗanda ba su cika wuce santimita 80 ba, da ganye mai yatsu uku zuwa biyar, ta yi ta tara abinci tana turawa ƙasa, har kaka ta yi, rassan su bushe, mai wucewa ya zaci ta mutu, alhali kuwa ainihinta na nan a binne: saiwa mai kauri da tauri, wadda in aka sare ta cikinta ja-ja ne mai ratsin ruwan ɗorawa, tana rina hannun mai riƙe da ita.

Ba tamu ce mu kaɗai ba, domin tana fitowa tun daga Senegal har Sudan da Yuganda, galibi a kan marmara da tsakuwa da fako, inda ruwa ba ya kwanciya. Masana tsirrai na Faransa sun rubuta siffarta a 1831 a cikin littafin tsirran Senegambiya, suka ba ta suna Cochlospermum tinctorium, daga baya kuma likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya sa ta a cikin littafin sunayen tsirrai na Hausa da ya wallafa a 1916. To amma tun Bature bai ɗauki alƙalami a kanta ba, marina sun san ta wajen rina zare da tufa, mata sun san ta wajen ba man kaɗe launi, magori da 'yar mai ganye sun san ta wajen jiƙon shawara, a wasu ƙasashen makwabta kuma har yau ana daka ta a barbaɗa garinta a miya. Da Turawa suka gano haɗa launi a masana'anta, farawa daga William Perkin na Ingila a 1856, galura ta cika kasuwa, marina suka sassauta mata; amma kasuwar magani ba ta sassauta ba, sai ma daɗuwa da ta yi tare da daɗuwar mutane, har ta kai a garin Banfora na Burkina Faso ana sarrafa saiwar wata 'yar'uwarta, ana ƙunshe ta a fakiti, ana sayarwa domin zazzaɓin cizon sauro. A nan wajibi ne in tsaya in ce wani abu ga iyayenmu mata: shawara alama ce ta cututtuka masu yawa, waɗansunsu na hanta ne masu kisa, saboda haka wanda idonsa ya canza launi, musamman jariri, a kai shi asibiti a auna shi, kada a dogara ga jiƙo. Ban zo domin rubuta wa kowa magani ba.

Mas'alar da ta kawo ni ita ce wannan. Duk amfanin da na lissafa a cikin saiwa yake. Mai cin ɗorawa yana kaɗo 'ya'ya ya bar uwa a tsaye, mai miyar kuka yana tsinkar ganye itacen ya sake toho, amma mai neman rawaya da dagi yake zuwa, ya tono ta ɗungum, ya bar rami; kuma da yake an fi gane wurinta a lokacin da take fure, a lokacin ne aka fi haƙar ta, wato kafin kwanso ya nuna, sai ya zama an ɗauke uwa an kuma ɗauke 'ya'yan da ba a haifa ba a fita guda. Ku haɗa wannan da halin da ƙasa ta shiga. A zamanin kakanninmu gona kan huta, a bar ta saura shekaru, tsirrai su komo. Yau kuwa, a jihar Katsina, inda ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da miliyan 5.8, kuma aka daɗu ƙwarai bayan haka, saura ta zama labari, garmar shanu na bin kowane taƙi kowace shekara tana datse abin da ke ƙasa, burtali ya tsuke, makiyaya ta ragu, ga kuma farin 1973 da na 1984 waɗanda dattawan da ke zaune a nan ba su manta da su ba. Ƙasar Daura, daga Ɓaure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, galibinta jigawa ce, ruwanta kimanin milimita 600 ne a shekara, wuraren da rawaya ke so tun asali ba su da yawa; in ta fita daga tudu guda, babu wani tudu kusa da iska za ta kwaso mata iri daga gare shi.

Kuna da labarin abin da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka suka yi. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kurmusun da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututture ne masu rai, manoma suka karɓi dabarar zaɓen reshe ɗaya ko biyu a bar su su girma, abin ya bazu har Magarya da Matamai da Mirriya, inda gawo ya sake rufe gonaki, aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kadada miliyan 5. Wannan aiki ne mai albarka, kuma ya dace mu yi koyi da shi fiye da yadda muke yi. Sai dai sharaɗinsa guda ne, shi ne a sami saiwa mai rai a cikin ƙasa. Inda saiwar ce kanta aka kai kasuwa, babu abin da zai toho komai daɗewar jira, kuma babu wata ƙofa da ta rage face ta iri.

Na san abin da za a ce, domin na sha jin sa daga bakin mutanen kirki: wannan ai abin daji ne, Allah ke shuka shi, ba a taɓa jin wanda ya noma rawaya ba. Rabin farko na maganar gaskiya ne tsantsa, domin gero ma Allah ke fitar da shi, manomi bai taɓa tsaga ƙwaya da ikonsa ba. Amma ba mu ga wanda ya bar sungumi a rataye ya ce ya yi tawakkali ba, saboda malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware dogaro ga Allah, bal ma yana daga cikarsa. Kowane abin da muke nomawa a yau, a daji aka fara samun sa, har wani bawan Allah da ba a san sunansa ba ya ɗebo irinsa ya binne kusa da bukkarsa. Magabata kuma ba su ɗauki ilmin tsirrai abin raini ba. Abu Hanifa Dinawari ya wallafa Kitabun Nabati a ƙarni na tara na Miladiyya. Ibnul Awwam na Ishbiliya a Andalus ya tara ilmin shuka da dashe da renon iri a cikin Kitabul Filaha a ƙarni na goma sha biyu. Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya bi ƙasashe da ƙafarsa yana tattara ganye, ya bar littafi mai bayanin magunguna da abinci wajen 1,400. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifai a kan ilmin ɗibbu. Ya kuma tabbata a cikin Buhari da Muslimu cewa ana rubuta wa mai shuka ladan sadaka a kan abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya amfana da shi daga shukarsa. Hukuncin wanda ya ƙarar da wani jinsi na halitta daga ƙasarsa saboda israfi, wannan na bar wa shehunnanmu. Nawa shi ne in nuna cewa gyaran mai yiwuwa ne, kuma ba ya bukatar dukiya.

Aikin yana farawa ne da ƙafa, ba da fartanya ba. Cikin rani, lokacin fure, a bi tudun marmara da gefen burtali da bakin gandun daji, a tambayi makiyaya da maharba da tsofaffin mata masu ganye, domin su ne ma'abota wannan sani, in an sami gindi a kafa masa dutse ko turke, a ɗan share busasshen haki kewaye da shi saboda wutar da ke iya biyo baya ta cinye kwanso. Kada wani ya jefa ransa cikin haɗari saboda iri: dazuzzuka irin su Rugu, waɗanda halin tsaro ya sa shigarsu ta zama kasada, a bar su har Allah ya kawo sauƙi. Bayan mako uku a riƙa komawa, domin tsakanin nunar kwanso da tsagewarsa kwanaki kaɗan ne, iskar rani kuwa ba ta jira. Kwanson da ya bushe, ya canza launi, bakinsa ya fara buɗewa har farin auduga ya leƙo, shi ne abin ɗauka; ɗanye kuwa, ko an shanya shi, ƙwayarsa ba ta cika ba. Akwai ladubba biyu da ma'aikatan babban rumbun adana iri na Kew, wanda aka buɗe a Wakehurst ta Ingila a 2000, suke bi, kuma na ga sun dace da hankali da shari'a: kada abin da aka ɗiba ya wuce humusin abin da aka tarar, sauran kashi huɗu haƙƙin wurin ne, kuma a ɗiba kaɗan kaɗan daga gindi masu yawa, har hamsin in an samu, maimakon a kwashe na gindi ɗaya, domin zuriyar da ta fito daga uwa guda cuta ɗaya ko fari ɗaya kan ishe ta.

In an kawo gida a baza shi a faifai a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa, ya ƙarasa bushewa, sa'an nan a murje audugar da tafin hannu a kan rariya har ƙwayoyin su zubo. A zubar da waɗanda ƙwaro ya huda da waɗanda suka motse. Masu kyau a sa su a ambulan na takarda ko ƙyallen auduga, ba a leda ba, domin leda na tara gumi, gumi kuwa na kawo fumfuna. In za a daɗe ba a shuka ba, a zuba su a busasshiyar kwalba tare da 'yar tankaɗaɗɗiyar toka, a toshe, a ajiye a ɗaki mai sanyi. A rubuta a jiki sunan wurin da aka ɗebo da ranar ɗibar. Wannan rubutu kada a raina shi, shi ne isnadin irin.

Yanzu mun zo wurin da mafi yawan masu gwadawa ke karaya. Mutum ya binne ƙwaya, ya yi ta ban ruwa mako biyu, mako uku, bai ga komai ba, sai ya ce ai dama an faɗa, abin daji ba ya shukuwa. Alhali irin lafiyarsa lau. Ɓawonsa ne ke da tauri har ruwa ba ya ratsa shi, kuma muddin ruwa bai kai ga ɗan tsiron da ke ciki ba, barcinsa zai ci gaba da yi ko da shekara ce. A cikin wannan akwai hikima mai girma ga mai tadabburi. Da a ce duk ƙwayoyin da uwa ta zubar suna tsira ne da ruwan farko, da shekara guda ta fari, irin wadda ruwa ke sauka sau ɗaya a watan Mayu ya ɗauke har wata guda, ta isa ta hallaka zuriyar baki ɗaya. Amma da yake zafin rana da wucewar wuta da gogar tsakuwa suna cin ɓawon ne sannu a hankali, kuma ba daidai wa daida ba, sai waɗansu su farka bana, waɗansu baɗi, waɗansu baɗin baɗaɗa, ta yadda ko yaya shekaru suka saɓa, wani kaso zai dace da damina mai kyau. Mai reno kuwa, tun da ya ɗauki nauyin ban ruwa da tsaro, yana da damar ya gajarta wannan jira, kuma hanyoyin ba baƙi ba ne ga malaman gandun daji, domin su ne ake bi da irin gawo da bagaruwa da kuka.

Hanya ta farko ita ce ruwan zafi: a tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba a kan irin a cikin kwano, a bar su su huce tare har kwana guda. A lura, zubawa ake yi bayan an sauke, ba dafawa ba, domin dafaffen iri ya mutu. Da safe za a ga waɗansu sun kumbura sun yi taushi, waɗannan sun sha, a shuka su nan take kada su sake bushewa. Waɗanda suka tsaya yadda suke a maimaita musu. Hanya ta biyu ta fi wahala amma ta fi tabbas ga mai iri kaɗan: a riƙe ƙwaya da yatsu biyu, a goga bayanta, wato wajen ƙusumbinta nesa da idonta, a kan magagari ko dutsen wasa wuƙa, sau biyu ko uku, har launin ɓawon ya canza a wuri ɗaya ƙanƙane, sai a tsaya, in farin da ke cikin ƙwayar ya bayyana sosai an wuce gona da iri. Daga nan a jiƙa a ruwan sanyi dare ɗaya. A ɗakunan bincike ana amfani da ruwan asid mai ƙarfi, amma wannan ba na gida ba ne, kuma ina gargaɗin ɗalibai kada su kusance shi ba tare da malami ba. Shawarata ga kowace makaranta ita ce a raba irin kashi uku, ɗaya a yi masa ruwan zafi, ɗaya a goge shi, ɗaya a shuka shi yadda yake, a ƙirga abin da aka binne da abin da ya fito da ranar fitowarsa, a rubuta a littafi. Makaranta goma in suka yi haka shekara biyu, ƙasar Daura za ta mallaki sani tabbatacce game da irin ƙasarta, wanda ta samo da hannunta.

Ƙasar reno kada ta zama laka, kada kuma a cika mata taki. Rairayi kashi biyu, ƙasar tudu mai 'yar tsakuwa kashi ɗaya, da ɗan ruɓaɓɓen taki wanda ya shekara, ya wadatar. Tun da ƙarfinta a saiwa yake, kuma saiwar ƙasa take nufa tun kwanakin farko, a nemi doguwar leda ta reno ko tsohuwar tukunya mai zurfi da aka huda gindinta. A binne ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin rabin gaɓar yatsa, a jera a ƙarƙashin rumfar zana inda hasken safe ke shiga, a yi yayyafi da safe gwargwadon yadda ƙasa za ta yi danshi ba ta jiƙe sharkaf ba. Abin da ya fi kashe irin waɗannan tsirrai a hannun mai reno yawan ruwa ne, ba ƙishirwa ba: sai ka ga ɗan tsiro ya fito lafiya, bayan kwana kaɗan gindinsa ya yi baƙi ya sirance ya kwanta. In aka shuka a watan Afrilu ko farkon Mayu, dashe ya isa fita a watan Yuli sa'ad da damina ta zauna. A riƙa janye zanar kaɗan kaɗan kafin nan domin ya saba da rana. A yi dashen da yamma bayan ruwa, a wuri mai tudu, taku guda tsakanin gindi da gindi, a tsaga ledar da reza a zare ta ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Wanda ba shi da halin reno yana iya binne gogaggen iri kai tsaye a inda yake so, bayan shuka ta kama, sai dai asararsa za ta fi yawa.

Saura jarrabawa biyu, akuya da rani. Ta akuya maganinta shinge ne na ƙaya ko darni, kuma ba a sassauta shi. Ta rani kuwa jarrabawar zuciya ce, domin in kaka ta yi ganyen zai yi ja ya zube, karan ya bushe, wurin ya koma fili kamar ba a taɓa shuka komai ba, sai mai shi ya ɗauka wahalarsa ta tashi a banza, ko ya tona ya duba, ko ya yi ta kwarara ruwa har saiwar ta ruɓe, ko wani ya zo da fartanya ya nome wurin. A kafa turke a kowane gindi tun ganye na kore, a ɗauke hannu daga ban ruwa, a jira. Kada kuma a ƙulla rai da ganin fure a shekarar farko, domin tsiro irin wannan sai ya cika rumbunsa na ƙasa kafin ya yi ado. Kada wani ya ce tun da bayan wuta aka fi ganin furenta, bari ya cinna wa shingen makaranta wuta. Yanke busasshen haki da lauje ya isa ya buɗe mata fili. In Allah ya sa ta yi fure, a nisantar da feshin maganin ƙwari daga wurin, saboda garin furenta a cikin 'yan jakunkuna yake masu ƙaramar kafa a kai, ba ya zubowa sai manyan ƙudan zuma na daji, irin baƙaƙen nan masu huda itace, sun kama su sun girgiza da kaɗawar jikinsu. In babu su, fure zai yi kyau ya kaɗe, kwanso ya yi ƙaranci.

Kada a ɗauki wannan ƙa'ida a ɗora wa kowane furen daji, domin kowane iri da ɗabi'arsa. Kariya, wadda kuka sani da kumburarren gindi da fure mai ruwan hoda a tsakiyar rani, akasin rawaya ce: irinta ba shi da tauri, ba ya kuma jure ajiya, yana cikin kwanso biyu masu kama da ƙaho, kowace ƙwaya da gashi a kai da gindi, don haka masu renonta kan ɗaure kwanson da zare kafin ya fashe, su cire gashin, su kwantar da ƙwayar a kan rairayi su rufe ta sama sama, cikin mako guda ko biyu ta fito. Wadda aka shuka daga iri ita ke yin gindin nan mai kyau, fiye da wadda aka dasa daga reshe. Ruwan jikinta dafi ne, a kiyaye yara da dabbobi, a wanke hannu. Abin lura shi ne wannan tsiro na ƙasashenmu yau a Tailan da Taiwan ake renonsa dubbai, ana fitar da launuka iri iri ana sayar wa duniya. Albasar kwaɗi ta fadama kuma irinta ɗanye ne mai tsoka, in ya bushe ya mutu, ɗora shi ake yi a kan ƙasa mai danshi da zarar ya faɗo.

Ina za a shuka? Shari'a ta riga ta ba mu tsari, shi ne hurumi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, domin maslahar jama'a, kuma sarakunan ƙasar Hausa sun san hurumin gari da na rijiya da na makiyaya tun da daɗewa. An yi aikin dashen itatuwa a jihar Katsina da taimakon Tarayyar Turai tun ƙarshen shekarun 1980, ga kuma shirin Babbar Koriyar Ganuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, jiharmu na cikin jihohi 11 da ya shafa. Waɗannan shingaye da gandaye suna nan, an riga an kashe kuɗin tsaronsu, gefensu da tsakanin layukansu fili ne. Abin da ya rage shi ne a sa tsirran ƙasa a cikin lissafi tare da itatuwa. Garin da ya iya riƙon rijiyar Kusugu da Sallar Gani ƙarni bayan ƙarni ba zai kasa riƙon kadada guda ta tsirran kakanninsa ba.

Saboda haka ina miƙa roƙona ga iyayenmu hakimai da dagatai, kowane ya duba a ƙasarsa ko akwai tudun da rawaya ta saura, ya sa a san shi, ya hana haƙa a cikinsa daga fitowar fure har tsagewar kwanso. Ina roƙon masu maganin gargajiya, waɗanda su ne za su fi kowa asara in ta ƙare, in sun haƙa su bar kan saiwar da wani sashe nata, su mayar da ƙasa, kuma kowane ya reni gindi ashirin a bayan gidansa. Ina roƙon malaman Kwalejin Yusufu Bala Usman da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Daura su karɓi littattafan ƙirgar da makarantu za su rubuta, su tace su, su mayar wa manoma da sakamakon da Hausa. Ku kuma ɗalibai, in kun koma gida ku tambayi kakanninku inda suka saba ganin ta, ku rubuta sunan wurin, ku kai wa malaminku kafin ranin bana ya shiga, domin wanda ya kuskure lokacin kwanso sai ya jira wata shekara.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Daura, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.